Yaro ya firgita a wurin binciken filin jirgi: me ya kamata jami'in tsaro ya yi?

Maman Abba (Agege):
Assalamu alaikum 'yan gida. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masu yawan hawa jirgi a cikinmu. Kwanan baya muka yi tafiya ni da Abba, shekararsa 4. Ba zan faɗi filin jirgin ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Tun daga gida yake rungume da wata 'yar motar roba da babansa ya saya masa, ko barci zai yi tana gefen filo. Da muka iso wurin bincike, jami'in bai ce mini komai ba, shi ma bai ce masa ba, sai kawai ya zare motar daga hannunsa ya jefa cikin tire. Yaro yana kallo ta shige bayan baƙin labulen nan na na'urar duba kaya ta ɓace. Ai sai ihu. Ni kuma aka ce in wuce ta ƙofar nan mai gano ƙarfe, na wuce, na waiwayo ina miƙa masa hannu, ya ƙi tahowa. Wani ya kama shi a tsintsiyar hannu ya jawo shi, ƙofar ta yi ƙara saboda kan bel ɗin wandonsa. Sai aka ɗauko sandar nan mai gano ƙarfe ana shafa masa a jiki, ana daka masa tsawa da Turanci wai ya yi shiru. Abba bai fara makaranta ba, Hausa kawai yake ji. A nan tsaye ya saki fitsari a wando.

Ni ban ce kada a bincike shi ba. Tambayata ita ce, in yaro ya firgita haka, me ya kamata jami'i ya yi? Akwai ƙa'ida ne, ko kowa da yadda ya ga dama?

Alhaji Mai Albasa (Mile 12):
Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi haƙuri, Allah ya raya mana Abba. Amma bari in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Yaro ko ina kuka yake yi, a masallaci, a kasuwa, a gidan biki. Mutanen nan suna da layi har bakin ƙofa, kowa yana duba agogo. In aka ce sai an tsaya rarrashin kowane yaro, jirgin asuba sai azahar zai tashi. Kuma kada mu manta da Disambar 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya bi ta Legas ɗin nan zuwa Amsterdam, daga can ya hau jirgin Detroit da abin fashewa a cikin kamfai. Bayan nan Amurka ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da ake tsananta wa fasinjojinsu bincike. Duk wanda ya yi tafiya waje a lokacin ya san abin da muka gani. Gara yaro ya yi kukan minti 5 da a yi kukan da ba ya ƙarewa.

Anti Rabi Nas (Idi-Araba):
Alhaji ranka ya daɗe, ai ita ma ba ta ce a sassauta bincike ba. Ka duba abin ta idon yaron. Bai san cewa abin da ya shiga na'ura zai fito ta ɗaya gefen ba. Abin da ya gani shi ne wani ƙato ya ƙwace masa kaya, uwarsa ta wuce ta bar shi, sannan baƙon hannu ya damƙe shi, duk cikin minti guda. Fitsarin nan ba taɓara ba ce, tsoro ne ya kai inda jiki ya daina riƙe kansa. Yaron da ya kai nan ba ya jin magana ko da da harshensa aka yi masa, balle tsawa da harshen da bai sani ba.

Kuma maganar lokaci da ka kawo, ni aikina ne ya koya mini akasin haka. Yaron da aka danne aka yi wa allura da ƙarfi ya fi cin lokaci a kan wanda aka bari ya zauna a cinyar uwarsa aka gaya masa zai ji zafi kaɗan. Na farkon sai mutum uku sun riƙe shi, kuma gobe in ya hango farar riga daga nesa zai fara ihu tun kafin a taɓa shi.

Maman Abba (Agege):
Anti Rabi wallahi kamar kina wurin. Da za mu dawo, tun a bakin ƙofar shiga ya fara rawar jiki da ya ga masu yunifom.

Baba Tsohon Jami'i (Ikeja):
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ba na tsoma baki, amma wannan aikina ne kafin in yi ritaya, don haka ku ba ni dama in ɗan yi tsawo.

Farko dai Alhaji yana da gaskiya a abu ɗaya, yaro ba ya tsallake bincike. Mai mugun nufi ya san mutane suna jin nauyin taɓa yaro, shi ya sa ake ɓoye abu a cikin famfas, a cikin goyo, a cikin gwangwanin madara. Jami'in da ya ga yaro na kuka ya ce a wuce kawai, shi ma bai yi aikinsa ba.

Amma abin da aka yi wa jikana Abba ba bincike ba ne, gaggawa ce. Jami'in da ya san aiki ba ya fara da yaron, da uwar yake farawa. Zai ce, Madam, abin wasan nan ma sai ya shiga na'ura. Ita ce za ta karɓa daga hannun ɗanta, ko ta ce masa shi ya ajiye da kansa. Ni abin da nake cewa yaro shi ne, motarka za ta shiga nan ta fito can, je ka tarye ta. Shi ke nan, sai ka ga yaro da gudunsa ya bi ta ƙofar, don yanzu yana da dalilin wucewa. In manya biyu ne, ɗaya ya fara wucewa ya durƙusa a can, yaron ya tafi wurinsa, ɗayan yana baya. In uwa ce ita kaɗai kuma yaron ya ƙi sakinta, to ta ɗauke shi su wuce tare. In ƙofar ta yi ƙara sai a duba su biyun. Babu abin da tsaro ya rasa a nan.

Sandar nan kuma, kafin ta kusanci yaro, ka durƙusa tsawonku ya zo ɗaya, ka shafa ta a agogon hannunka ya ji ƙarar, ka shafa wa uwarsa ya ga ba abin da ya same ta. In ta kai ga sai an lalube shi da hannu, iyayensa suna tsaye a gefensa, an gaya musu inda za a taɓa da dalili, kuma 'ya mace, mace ce za ta duba ta.

In kuma ya riga ya ɓare baki fa? Ka janye su gefe, ka ba uwar kujera, layi ya ci gaba da tafiya. Alhaji, ga amsar jirgin asubarka nan. Ba wanda ya ce a tsayar da mutum 200 saboda yaro ɗaya. Yaron ne ake cirewa daga layin na ɗan lokaci, kayansu suna hannun jami'i, in ya lafa a ƙarasa.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin akwai gajiya. Mutum yana tsaye tun kafin asuba, fasinja suna zaginsa, na sama da shi yana ce masa ya yi sauri. Amma ban taɓa ganin gajiya ta hana mutum durƙusawa ba, in dai an koya masa cewa haka ake yi.

Alhaji Mai Albasa (Mile 12):
To Baba, janyewa gefen nan na yarda da ita. Amma ka ce "in an koya masa". Nan ne gizo ke saƙa.

Maman 'Yan Biyu (Obalende):
Baba tunda Allah ya kawo ka, ni ma ina da tambaya. Ƙofar nan ba ta cutar da jariri? Kuma ni an taɓa sa ni na kwance goyo a gaban jama'a, jaririya tana barci, ta farka da kuka, ga ɗan'uwanta a hannu, ga zani yana neman faɗuwa. Na ji kunya ƙwarai.

Baba Tsohon Jami'i (Ikeja):
'Yata, ƙofar da ake bi da maganaɗisu take aiki, ƙarfe kawai take ji, ba hoton ƙashi take ɗauka ba. Na'urar da jaka ke shiga ce mai irin hasken hoton asibiti, kuma ita ba a taɓa saka yaro a ciki, ko yana cikin kujerarsa ta mota sai an ciro shi. Kwance goyo kuwa ana iya nema, don zani da majanyi suna iya ɓoye abu. Amma kina da damar cewa a kai ki keɓaɓɓen wuri, mace ta duba ki. Ki faɗa da bakinki, a natse. Da yawa ba su san suna iya nema ba.

Hajiya Uwani (Surulere):
Ni ina yawan kai jikokina wurin uwarsu a Amurka, kuma can ma da irin wannan rigimar suka fara. A 2011 wani bidiyo ya karaɗe intanet, jami'ar tsaro tana lalube wata yarinya 'yar shekara 6 a filin jirgin New Orleans. Mutane suka yi ca. A shekarar ne hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta sauya tsari ga yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, aka daina sa su cire takalmi, kuma in ƙofa ta yi ƙara ana barin yaro ya sake bi kafin a kai ga lalube. Ƙasar da aka kai wa harin 11 ga Satumba 2001 ke nan fa, ba wanda zai ce ba su san zafin abin ba. Ba su daina binciken yara ba, salon ne suka gyara, kuma iyaye ne suka matsa har aka gyara.

Barista (Yaba):
Bari in ƙara ta fuskar doka. Muna da Dokar 'Yancin Yara ta 2003, kuma Jihar Legas ta yi tata a 2007. Sashe na farko ya ce duk abin da za a yi da ya shafi yaro, ko mutum ɗaya ne zai yi ko hukuma, maslahar yaron ce a gaba. Jami'in filin jirgi ba ya waje da wannan. Wanda kuma aka ci wa zarafi yana iya kai ƙorafi sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ya rubuta rana da lokaci da wurin da abin ya faru.

Amma akwai wani gefen da ba wanda ya taɓo. Ba kowane kuka ne na tsoron na'ura ba. Wani yaron yana kuka ne don wadda ke riƙe da shi ba uwarsa ba ce. Safarar yara gaskiya ce a ƙasar nan, yana cikin dalilan kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003. Jami'in da burinsa kawai yaro ya yi shiru ya wuce, zai iya tura yaron da aka sato cikin jirgi da hannunsa. Wanda ya durƙusa ya dubi fuskar yaron ne zai lura, shin yana neman ɓuya a jikin babban da ke tare da shi, ko gudunsa yake yi? Babban ya san sunansa da shekarunsa ba tare da ya duba takarda ba? Saboda haka rarrashin nan da Alhaji ke gani kamar ɓata lokaci, shi kansa aikin tsaro ne.

Goggon Nana (Alaba Rago):
Barista tsaya nan. Wannan maganar taka tana da haɗari gare mu. Mu mutanen riƙo ne. Nana 'yar ƙanina ce, tun yaye take hannuna, sunan mahaifinta daban da na mijina. Kai ma ka san yadda ake kallon Bahaushe a garin nan da zarar an ce an sace yaro. Mace da hijabi, ba ta jin Turanci sosai, yarinya tana kuka, suna bai zo ɗaya ba. Kafin ta yi bayani an taru a kanta, wani ya ɗaga waya yana bidiyo. In ka ba jami'i wannan ƙofar, a kanmu za ta ƙare.

Barista (Yaba):
Goggo na ji tsoronki, kuma ba na wasa ba ne. Amma kuka kaɗai ba hujja ba ce, hijabi ba hujja ba ce, bambancin suna ma ba hujja ba ce. Abin da nake cewa shi ne a lura, in an ga abin shakka a yi tambaya a keɓe, cikin mutunci, a kira na sama. Ba a tara jama'a ba. Ki tuna yaran da aka sace daga Kano aka gano su a Anambra a 2019. Iyayensu za su so a ce wani a hanya ya tsaya ya yi tambaya.

Goggon Nana (Alaba Rago):
Wannan kam haka ne, Allah ya kiyaye mana zuri'a. Amma ni dai ina nan a kan bakana, sai an sa mai jin Hausa a wurin. Filin jirgin Murtala Muhammed jirage suna tashi zuwa Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri. Yaron da ya firgita, kalma ɗaya da harshensa ta fi masa jimla goma da Turanci. Kuma ni ma in an tambaye ni da Hausa zan yi bayanin Nana tsaf.

Baba Tsohon Jami'i (Ikeja):
Goggo, wannan shawarar taki ta fi duk abin da na faɗa. Kafin a samu, ki riƙa tafiya da kwafin takardar haihuwarta ta Hukumar Ƙidaya, da 'yar wasiƙa daga mahaifinta mai lambar wayarsa. In tafiyar waje ce kuwa, jami'an shige da fice sukan nemi takardar amincewar iyaye, kada ki bar gida ba tare da ita ba.

Baban Sadiq (Ketu):
Na yi ta rubutawa ina gogewa, amma bari in faɗa. Sadiq shekararsa 9, yana da lalurar galahanga. Ba ya magana sai kalma ɗaya biyu. Ƙarar lasifika, hasken fitila, cunkoso, duk suna shigarsa fiye da yadda suke shigar mu. In baƙo ya taɓa shi ba zato, zai zube ƙasa ya toshe kunne yana buga kai. A ido kuwa yaro ne lafiyayye, dogo, don haka abin da mutane ke cewa shi ne ba mu ba shi tarbiyya ba. Wani ma ya taɓa ce mini in kai shi a yi masa ruƙiyya.

Dabarar Baba ta "je ka tarye ta" ba za ta yi wa Sadiq aiki ba. Abin da yake bukata shi ne jami'i ya saurare ni. In na ce kada ka taɓa shi ta baya, bari in riƙe hannunsa, ka ba mu minti 2, to ya yarda cewa na fi shi sanin ɗana. A filin jirgin Gatwick na Ingila, a 2016, suka fara ba masu lalurar da ba a gani wata koriyar igiyar wuya mai hoton furen rana. Jami'i yana hango ta ya san wannan sai a hankali, ba sai uba ya tsaya yana bayyana ciwon ɗansa a gaban layi ba. Yanzu filaye da yawa a duniya sun ɗauka. Mu ma muna da dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Igiya da ɗan horo ba za su gagare mu ba.

Anti Rabi Nas (Idi-Araba):
Allah ya ba ka lada Baban Sadiq, ya sa shi a mizani. Yaro irin Sadiq in ya zube ƙasa, kada a ɗaga shi da ƙarfi, kada a taru a kansa. A ja baya, a rage hayaniya, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, mutum ɗaya da ya sani ya zauna kusa da shi. Zai dawo da kansa.

Alhaji Mai Albasa (Mile 12):
Baban Sadiq, Allah ya sauwaƙe, maganarka ta taɓa ni. Amma har yanzu ina cewa mu iyaye ma da namu. Mutum ya zo saura minti 20 a rufe ƙofa, ya sha go-sulo a Oshodi, shi kansa a firgice yake, yaro bai ci komai ba tun safe. Yaro yana karanta fuskar uwarsa. Sannan a sa masa bel mai ƙarfe da takalmi mai fitila. Ba komai ne za a ɗora wa ma'aikaci ba.

Maman Abba (Agege):
Alhaji mun iso da wuri, kuma a ƙoshe yake. Ko da ma a makare muka zo, babba ne ya kama hannun yaro ya ja. Ni ban ga agogon da zai halatta wannan ba.

Malam Na Zango (Agege):
Allah ya huci zuciyarki Maman Abba. Ni wata tambaya ce da ni ga Baba. Har yanzu akwai masu rataya wa yara laya ko guru, musamman in kaka ce ta bayar. Ba hukuncinta na zo tattaunawa ba, wannan zama ne daban. In jami'i ya ji ta a jikin yaro ya ce sai an farke, yaya ke nan? Sannan kunun yaro a fulas, ana barinsa?

Baba Tsohon Jami'i (Ikeja):
Malam, laya abin da ya fi sauƙi shi ne uwa ta cire ta tun a layi ta sa a jaka. Na'ura za ta ga abin da ke ciki ba tare da an farke ba. In aka bar ta a jikin yaro, dole jami'i ya taɓa wuya ko ƙugu, kuma nan ne yara suka fi tsorata. Haka awarwaro da ɗan kunne mai nauyi.

Kunu kuwa, dokar nan ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a mazubi ɗaya ta samo asali ne daga 2006, da aka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da abu mai ruwa a Ingila, kuma an fi tsananta ta a tafiyar ƙasashen waje. Amma madarar jariri da abincinsa da magani suna da rangwame, gwargwadon abin da zai ishe shi a tafiyar. Ku fito da fulas ɗin daga jaka, ku ajiye shi daban a tire, ku faɗa tun kafin a tambaya. Ana iya cewa a buɗe a duba.

Maman 'Yan Biyu (Obalende):
Baba to ni mako mai zuwa za mu Kano, ni kaɗai da su biyun, yanzu duk suna tafiya da ƙafarsu. Wa zai fara wucewa?

Baba Tsohon Jami'i (Ikeja):
Tun a gida ki gwada musu da ƙofar ɗaki, su bi ɗaya bayan ɗaya, ki shafa musu ludayi a jiki kina yin ƙarar da baki. A filin kuma ki gaya wa jami'ar mace cewa ke kaɗai ce, ki roƙe ta ta tsaya a can gefen. Wanda ya fi ƙarfin hali ya fara, ɗan'uwansa yana kallo, sannan na biyun, ke ta ƙarshe, don kada ki bar kowa a baya. In ɗaya ya ƙi, ki ɗauke shi ku wuce tare. Ki sa musu wando mai roba, ba mai bel ba.